Sabi'u da Lomar Farko

Idan ka sauka Anacha, ka shiga Fegge ka ce Sabi'u kake nema, za a tambaye ka wanne, domin Sabi'u a unguwar nan sun fi kwandunan tumatir yawa. Amma ka ce Sabi'u mai kallon bango, ko akuya ka tambaya za ta ja ka har inda rumfarsa take a da. Na ce a da, saboda yanzu wani mai gyaran waya ne a wurin, shi ma waya ɗaya ban taɓa ganin ya gyara ta tashi ba.

Taubashina ne. Mahaifiyarsa, Inna Kande, ƙanwar babana ce ciki ɗaya, wato dai bawana ne halak malak, ko ya yarda ko bai yarda ba. Tun muna yara nake ƙwace masa loma a baki, in ya kai ƙara a ce masa, "To ya za a yi, ubangidanka ne." Dogo ne siriri, in ya juya ta gefe sai ka neme shi ka rasa, ga kunnuwa kamar an kifa masa faifai biyu. A tashar garinmu ya koyi girki wurin wani mai dafa-duka. A wancan zamanin waken Sabi'u in ka jefi kare da shi sai an kai ku wurin mai unguwa. Ni na taso kudu neman abinci, ina tura baron albasa a kasuwar bakin gada. Shi ya tsaya gida yana karya wa matafiya haƙora.

Wata ranar kasuwa ya shiga mota zai je sayen wake, aka tare su a hanyar daji. Mutanen nan ne masu bindiga da ke cewa aikin Allah suke yi. Ba zan kira sunansu ba, bakina da alwala. Sabi'u ya ce da aka jera su a gindin itatuwa, shi yana ta haɗa Fatiha da Ƙulhuwallahu a zuci, ya ɗauka karatu za a tambaya. Sai wani mai sanyin murya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kai me ka iya?" Mai faci aka ware shi gefe. Tela gefe. Wani mai tallar magani a bokiti, wanda ko sunan maganin bai iya karantawa ba, nan take ya zama likita. Da aka zo kan Sabi'u ya ce girki. Na ce masa, "Bawa, ka yi musu ƙarya kuma suka bar ka da rai?" Bai yi dariya ba. Waɗanda suka ce ba su iya komai ba, bai gaya mini inda aka yi da su ba, ni ma ban tambaya ba.

Labarin zamansa a can ban same shi a dunƙule ba. Tsinta na yi, yau ƙwaya gobe ƙwaya, yawanci in yana yankan albasa, lokacin da ba wanda zai ce ga dalilin hawaye.

Ni da na ɗauka mutanen daji taron mahaukata ne, kowa da bindigarsa yana ihu. Sabi'u ya ce ina, tsari ne da su kamar babbar kasuwar Anacha, layin taya daban, layin magani daban, kowane layi da shugabansa. Masu fita faɗa ma su ne kaɗan. Sauran duk masu hidima ne: masu ɗebo ruwa, masu gyaran babur, masu ɗinki, masu jinyar waɗanda aka harba, masu wa'azi safe da yamma, masu zagaya ƙauyuka suna karɓar hatsi. Sai kuma waɗanda ba a san aikinsu ba, suna nan dai zaune kusa da kai, kunne a buɗe. Kowa shugaban da ke kansa kawai ya sani. Wanda ke kan wancan, sai dai a ce "an ce daga sama". Shekarun da ya yi a can bai taɓa ganin saman nan ba.

Abin da suka fara karɓewa sunansa ne. Ya zama Mai Tukunya. Ba a haɗa 'yan gari ɗaya a sashe ɗaya. Wanda kuka ci abinci tare yau, gobe an canja shi, kada ku saba. Mutum biyu ba sa tsayawa magana sai da na uku a wurin, in an gan ku ku biyu, kowa za a kira shi daban a tambaye shi me ɗayan ya ce. In wani ya fara yi maka kirki, ya ba ka goro, ya tambayi lafiyar gida, to ka san aiko shi aka yi. Sannan tun a watannin farko suka aika garinmu da labari cewa Sabi'u da ƙafarsa ya bi su, har an ba shi muƙami. Sun toshe masa hanyar gida tun bai fara tunanin gudu ba.

Sai dokar tukunya. Shugaban sashensu, wanda suke kira Amir, ba ya yarda da kowa, har inuwarsa yana waiwaya. Kafin a zuba masa abinci, mai girki zai zo gabansa, ya ɗebi loma daga kowace tukunya ya ci, ya buɗe baki a ga ya haɗiye, ya shimfiɗa tafukan hannunsa a ga ba ya ɓoye komai, sannan ya sunkuyar da kai ya tsaya. Yana nan tsaye ana kallonsa, ko zai faɗi. Sai an ce "Je ka" zai motsa. Safe, rana, dare. Na ce masa, "To ai kai ka more, kullum kai ne na farko a kan nama." Ya ce, "Yaya Sagiru, ban taɓa jin ɗanɗanon lomar nan ba."

Wata damina jirgi ya yi musu ruwan wuta, kowa ya kama gabansa, shi ma ya kama nasa. Sojoji suka tsince shi, suka riƙe shi, suka yi ta bincike har suka gaji suka sake shi. Ya isa gida yana zaton za a yi guɗa. Aka amsa sallamarsa daga nesa. A masallaci sahun da ya tsaya ya yi faɗi har iska na wucewa. Inna Kande ce kaɗai ta rungume shi, ita ce kuma ta kira ni a waya ta ce, "Sagiru, ga bawanka nan zan turo maka. Ka rufa masa asiri yadda Allah ya rufa maka." Ni da bakina ba ya riƙe ko ruwa, wannan maganar na haɗiye ta, ta zauna mini a ciki kamar waken Sabi'u na da.

Alhaji Gwadabe, babban dillalin albasa wanda shi ne uban 'yan arewa a layinmu, ya ba shi gefen rumfa ya kafa tukunya. Nan na sha mamaki. Mutumin da ya yi shekaru yana girki ransa na rataye a ludayi, dole hannunsa ya faɗa. Shinkafa da wakensa in ya buɗe murfi, masu kwale-kwale a tsakiyar kogi sai su juyo. Madam Uju mai gidan da muke haya ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce, "Aboki, dis your broda na winch?" Wato wai ko ɗan'uwan nawa maye ne. Daga ranar ta daina ɗora tukunyar rana. 'Yan dako, masu wankin takalmi, masu yankan farce, masu okada, da azahar duk suna rumfar.

Sai dai mai girkin kansa ba a gane masa ba. Mu a nan ba mai cin abinci shi kaɗai. Faranti ɗaya, mutum biyar shida a tsugune, kafaɗa na gugar kafaɗa, ana ci ana zagin 'yan ƙwallo. Wanda ya bar uwa da mata a arewa, farantin nan ne danginsa. Sabi'u kuwa sai kowa ya watse, ya kankare ƙanzo, ya juya wa duniya baya ya fuskanci bango. A ce masa "Bismillah, Sabi'u, matso," ya ce "Alhamdu lillahi." Ba ya tambayar sunan kowa. In mutum ya tsaya hira da shi su biyu, sai ka ga idonsa na yawo yana neman na uku, ko almajiri ne ya zo wucewa sai ya kira shi ya tsaya. Wani bawan Allah ya taɓa ba shi goro, ya yini yana kallon mutumin ta gefen ido. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce aljana ce ta aure shi kuma tana da kishi. Ni na goyi bayan masu aljana, har na ƙara da cewa na taɓa jin tana yi masa faɗa a kan gishiri.

A hankali dai ya fara narkewa. Limaminmu, Malam Abubakar Sadiq, dattijo ne mai sanyin hali, kullum bayan la'asar sai ya tsaya bakin rumfa ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya gajiya, ya aiki, ya labarin gida, ya Inna. Da fari Sabi'u na amsawa kamar mai amsa tambayar 'yan sanda. Daga baya har ya kan riga Malam gaisuwa. Rannan na kama shi yana dariya, haƙora a waje, na ce a kawo mini ruwa zan suma. Ya fara cin abincinsa a gefen masu faranti, bai sa hannu a ciki ba tukuna, amma bango ya samu hutu. Ya ce mini a hanya, "Yaya, in an yi walimar Alhaji zan zauna da su." Ban taɓa jin ya ce zai yi wani abu gobe ba sai ranar.

Walimar saukar Alƙur'ani ce ta 'yar Alhaji Gwadabe, aka sa ta ranar Lahadi da hantsi a harabar masallaci, girkin maza kuma aka damƙa wa Sabi'u. Ya kafa tukwane manya waɗanda in ka faɗa ciki sai an zura maka tsani. Jama'a ta cika, 'yan arewa daga ko'ina, har da baƙi daga Inugu. Aka shimfiɗa wa manya darduma a gaba, Malam a tsakiya, Alhaji a damansa da babbar riga tana ƙara kamar sabuwar leda. Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Ina mai tukunya? A fara da Malam."

Shi Alhaji magana kawai ya yi. Amma na ga bayan Sabi'u ya miƙe. Ya sa aka jawo tukwanen gaban darduma. Ya ɗebi shinkafa ya kai baki. Ya ɗebi miya ya kurɓa. Ya ɗauki tsoka ɗaya ya tauna ya haɗiye. Ya buɗe baki a gaban liman, ya shimfiɗa tafukansa biyu, ya sunkuyar da kai, ya tsaya ƙiƙam.

Wuri ya fashe da dariya. Yaro ya riga malami kai loma a gaban jama'a, har yana nuna masa maƙogwaro! Wani ya ce, "Kai Sabi'u, yunwar ta kai haka?" Ni na fi kowa ɗaga murya, na ce, "Ku yi haƙuri jama'a, bawana ne, ba a gama horar da shi ba," ina fatan dariya ta tafi da abin. Shi kuwa yana tsaye, kai a ƙasa, yana jiran kalmar da ba wanda ya san ana faɗa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ɗanjuma mai wankin takalmi, wani shiru-shiru da ya zo Anacha bayan an tashi ƙauyensu. Ya miƙe a hankali ya ce, "Na san inda ake yin wannan." Dariya ta ragu. Ya ce, "Shekara biyu suna sa mu kai musu hatsi a ka har sansani. Na ga mai girkinsu yana yi wa shugabansu haka, hannu a shimfiɗe. Su suka yanka yayana a gaban gonarsa." Ya juya ya dubi Sabi'u. "Sabi'u, ƙarya na yi?"

Da ni ne, wallahi sai na ce al'adar garinmu ce, kakanmu ma haka yake yi wa hakimi. Na buɗe baki ke nan Sabi'u ya ce, "Ba ka yi ƙarya ba." Bai ɗaga kai ba. Malam Abubakar ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Sauke hannunka, ɗana. Je ka zauna." Ya sa hannu ya ci abincin. Manya suka ɗan taɓa don kunyar Malam. A baya kuwa faranti-faranti suka huce ba a taɓa ba, ƙudajen Fegge suka yi babbar salla.

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Washegari manya suka zauna a rumfar Alhaji, aka kira ni a matsayin ubangida, na faɗi abin da na sani, wannan karon ban ƙara ko gishiri ba. Malam ya ce, "Wanda aka tilasta da bakin bindiga, Allah bai kama shi ba, mu su wane ne?" Ɗanjuma ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ce a kama shi ba. Na san kama shi aka yi, ni ma ai na kai musu hatsi. Amma hannun nan shi ya ƙosar da wanda ya yanka yayana. Na yi wata da watanni ina cin abincinsa ina santi. Yanzu in na tuna, ba na iya kai shi baki." Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ni tsorona ɗaya. Mu baƙi ne a garin nan. In maganar nan ta tsallaka kwata ta shiga kunnen masu gari, cewa akwai na daji a cikinmu, ba za su tsaya tambayar wane Sabi'u ba. Da mai baro da mai carbi duk mota ɗaya za a zuba mu." Aka tashi a kan cewa ba a kore shi ba, kuma kowa ya kama bakinsa.

An kama bakin kuwa, har ya wuce yadda aka nema. Da azahar rumfa ta zama kamar maƙabarta. Masu okada su wuce su ɗaga masa hannu daga nesa. Malam ya zo ya zauna ya ci, ni na ci har na kusa fashewa, Madam Uju da ba ta san dawan garin ba ta aiko da kwanonta. Mutum uku ba sa cinye tukunyar mutum hamsin. Kullum da yamma ya juye saura wa awakin mahauta, awakin suka yi ƙiba har suna tafiya kamar dillalai. Ya koma kallon bango. Wata safiya na dawo daga sauke mota na tarar ya wanke tukwane ya kife su, ya jingina ludayi a kai. Ya bi motar albasa zuwa Inugu. Ko ni bai yi wa sallama ba. A can dajin, in an canja maka sashe, tashi kawai kake yi.

Sai bayan salla na samu na je. Na same shi a Obiagu, can cikin lungu, yana tura kurar ruwa. Garin tudu ne, ruwa kuma wuya, jarkoki sun ƙara masa tsawo sun rage masa faɗi. Ɗaki ɗaya yake kwana shi kaɗai a bayan shagon wani mai walda. 'Yan arewan wurin sun ce mutumin kirki ne, sai dai ba a san sunan garinsu ba, kuma wai ko shayi bai iya dafawa ba, burodi da ruwan leda yake ci.

Ya gan ni ya ajiye kura. Bai ce sannu da zuwa ba. Ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Uwarka ta aiko ni, bawan banza. Tun yaushe ubangida ke neman izini kafin ya zo duba dukiyarsa?" Na sauke ƙullin shinkafa da wake da albasar da na zaɓo da hannuna, na aro tukunya da risho wurin matar mai walda, na ce, "Dafa." Ya ce ya daina. Na ce to ni zan dafa, in na mutu a ɗakinsa shi zai yi wa Inna Kande bayani. Ya kalli yadda na riƙe wuƙa, ya kasa jurewa, ya karɓe.

Da ya sauke, ƙamshi ya cika lungun har mai walda ya kashe injinsa. Ya juye a faranti ɗaya, don ɗaya gare shi. Na ga hannunsa ya nufi abincin, kafaɗunsa sun fara miƙewa. Na buge hannun. Na ce, "Kai, tun muna yara wa ke fara ci?" Na dumbuza loma mai zafi na cusa, ta ƙone ni har ƙeya, na haɗiye, na wangale masa baki, na shimfiɗa masa tafukana. Ya zuba mini ido. Wallahi jira yake ya ga ko zan faɗi. Idonsa ya je ƙofa ya dawo, babu na uku, daga ni sai shi sai ƙadangare a jikin bango.

Na ce, "To, ba ka sallame ni ba."

Ya ce, "Je ka."

Na ce, "Ba inda za ni, sai na ga ƙarshen farantin nan." Ya matso ya tsuguna, ya sa hannu ta gefensa, can bakin faranti, kamar mai satar abincin kansa. Muka yi ta ci. Can ya ce, "Gishiri ya ɗan yi yawa." Na ce aljanarsa ma ta sha faɗa.

Da la'asar na tashi tafiya, don motar Anacha ba ta jiran kowa. Na ce ya zo mu koma, Malam na tambayarsa. Ya ce, "Ɗanjuma fa?" Na ce yana nan. Ya ce, "To a bar shi ya ci abincinsa lafiya." Ya rako ni har bakin lungu, nan ya tsaya. Da na waiwaya daga titi ya riga ya kama kurarsa yana tura ta kan tudu, jarkoki na kaɗawa, ba kowa a gefensa.